Zinariyar Da Ke Cikin Bolar Ikko: Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi

Duk wanda ya zauna a Ikko ya san su. Tun da sassafe, kafin 'yan makaranta su fito, samari sun riga sun bazu cikin unguwanni suna tura amalanke, suna kira ko akwai mai mataccen kaya na sayarwa. Daga Agege zuwa Idi-Araba, daga Ojota zuwa Alaba, babu lungun da ba su shiga. Akasarinsu 'yan Arewa ne, da waɗansu 'yan Jamhuriyar Nijar. A gida ana ce musu 'yan gwangwan ko 'yan jari-bola. Suna sayen talabijin da ta mutu, da firjin da ya daina sanyi, da rediyo, da kwamfuta, da wayar hannu wadda mai gyara ya fid da rai da ita.

Da la'asar sai a taru a inda ake fasa kaya. A sa guduma da kurfi, a ware ƙarfe gefe guda, jan ƙarfe gefe guda, roba gefe guda. Akwai kuma wani koren allo mai ƙananan ƙusoshi da zane-zane, wanda 'yan kasuwa ke kira fanel. Shi ba a haɗa shi da kowa. Buhunsa dabam, ma'auninsa dabam, mai sayensa ma dabam. Yaron da ya fasa kayan ya san fanel yana da kuɗi, amma sau da yawa bai san dalili ba, bai kuma san inda buhun nan zai kwana ba bayan ya bar hannunsa.

Dalilin dai shi ne zinariya. Buhun kuwa yana cikin wani ciniki mai faɗi wanda ya haɗa Ikko da Turai, da Amurka, da ƙasar Sin, da Japan.

ABIN DA KE CIKI

Masu ƙera na'urori suna amfani da zinariya domin ba ta tsatsa, wutar lantarki kuma tana bin ta ba gardama. Saboda haka suke shafa ta, siririya ƙwarai, a bakin duk inda ƙarfe zai taɓa ƙarfe a cikin waya ko kwamfuta. Har wa yau akwai azurfa, da jan ƙarfe, da wani farin ƙarfe mai tsada da ake kira faladiyam.

Abin da ke cikin waya guda bai taka kara ya karya ba. Sai an tara wayoyi kamar 30 kafin a sami giram guda na zinariya. Amma da yayyafi kogi kan cika. Hukumar kare mahalli ta Amurka ta yi lissafi cewa a cikin wayoyi miliyan guda za a iya fitar da zinariya wajen kilo 34, da azurfa kilo 350, da faladiyam kilo 15, da jan ƙarfe tan 16.

Mai karatu zai fi gane girman abin idan ya kwatanta da haƙar ma'adini. A yawancin ramukan zinariya na duniya, sai an fasa dutse tan guda a niƙe shi kafin a sami giram biyu ko uku, in an yi sa'a biyar. Tan guda na fanel ɗin kwamfuta kuwa yana ɗauke da giram 200 ko fiye. Watau buhun da ke jingine a rumfar ɗan gwangwan ya fi dutsen da ke ƙarƙashin ƙasa albarka nesa ba kusa ba.

Wani rahoto na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka fitar a 2024 ya nuna cewa a cikin shekarar 2022 kaɗai duniya ta zubar da matattun kayan lantarki tan miliyan 62. Ƙarafan da ke cikinsu an yi musu kuɗi dala miliyan dubu 91, daga ciki zinariya ta tashi dala miliyan dubu 15. Amma abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida kashi 22 ne kawai daga cikin 100. A Afirka kuwa bai kai kashi ɗaya ba. Rahoton ya ƙara da cewa tan miliyan 5 da 'yan kai sun ƙetare iyakokin ƙasashe a shekarar, kuma kusan kashi biyu cikin uku na wannan sun wuce ne ba tare da wani ya duba su ba.

YADDA KAYAN KE SHIGOWA

Babu mai rubuta "shara" a takardar kwastan. Kayan suna shigowa ne da sunan na hannu, waɗanda a Kudu ake kira tokumbo, waɗansu kuma su ce 'yan Beljiyam. Gaskiya ne da yawansu suna aiki, waɗansu kuma gyara kaɗan suke bukata. Da irinsu ne talaka ya mallaki firji da talabijin, da irinsu ne ɗalibi ya sami kwamfuta. Kasuwar Alaba da ta Computer Village a Ikeja sun rayu a kan wannan. Wani bincike na ofishin Yarjejeniyar Basel a 2011 ya ce aikin gyara da sayar da irin waɗannan kaya yana ci da mutum fiye da 30,000 a Ikko da Ankara ta Ghana.

Matsalar ita ce a cikin masu rai ake cusa matattu. A Turai sarrafa mataccen kaya bisa doka yana cin kuɗi, saboda haka dillali marar tsoron Allah yakan ga ya fi masa sauƙi ya cika kwantena da su, ya jera masu kyau a bakin ƙofa. A 2005 wata ƙungiya ta Amurka mai suna Basel Action Network ta zo Ikko ta yi bincike. Ta ba da rahoton cewa kwantena kimanin 500 na tsofaffin kwamfutoci da makamantansu suna sauka kowane wata, kuma 'yan kasuwar da kansu sun shaida mata cewa wani lokaci har kashi uku cikin huɗu na kayan ba su gyaruwa.

A wani bincike da aka bayyana a 2009, 'yan ƙungiyar Greenpeace sun ɗauki wata talabijin da suka lalata ta yadda ba za ta gyaru ba, suka ɓoye na'urar bin sawu a cikinta, suka kai ta wurin zubar da kaya na hukuma a yankin Hampshire na Ingila. Maimakon a sarrafa ta a can kamar yadda doka ta ce, sai ga ta a kasuwar Alaba.

Bincike mafi zurfi shi ne wanda Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya da wata cibiya ta Ibadan suka yi a tashoshin jiragen ruwa na Ikko a 2015 da 2016. Sun gano cewa tsofaffin kayan lantarki kimanin tan 60,000 ke shigowa a shekara, kuma aƙalla tan 15,000 daga ciki matattu ne tun daga can. Fiye da kashi uku cikin huɗu daga tashoshin Tarayyar Turai suka taso, Jamus da Ingila ne a gaba. Abin da ya fi ba masu binciken mamaki shi ne yawancin kayan ba a kwantena suke zuwa ba. A cikin motocin tokumbo ake danna su, a cika kujeru da but, a kulle, mota ta wuce a matsayin mota.

Amma fa kada a ɗora wa baƙi laifin duka. Binciken nan na 2011 ya nuna cewa mafi yawan sharar lantarki da ke Afirka ta Yamma, har zuwa kashi 85 daga cikin 100, kayan da aka yi amfani da su ne a nan suka mutu a nan. Sai dai kayan da ya zo da tsufansa ba ya daɗewa, shekara biyu ko uku ya koma bola.

DARASIN KOKO

Dattawan da suka daɗe a Kudu ba su manta da Koko ba. Wani ɗan ƙaramin gari ne mai tashar jirgin ruwa a tsohuwar Jihar Bendel, wanda yanzu yake cikin Jihar Delta. Tsakanin 1987 da 1988 wani ɗan kasuwa Ba'italiye ya shigo da dubban durom-durom na dattin masana'antu mai guba, fiye da tan 3,500, ya jibge a filin wani mutumin garin wanda ake biyansa dala 100 a wata. Ɗaliban Nijeriya da ke karatu a Italiya ne suka gani a jaridun can, suka aiko da labari gida.

Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kira jakadanta daga Rum, ta matsa har Italiya ta kwashe kayanta. Ma'aikatan da suka yi lodin sun sha ƙuna da rashin lafiya. Jirgin ruwan nan Karin B ya yi ta yawo da dattin a teku, tashoshin Turai suna korarsa ɗaya bayan ɗaya, kafin ya koma Italiya. A shekarar ce aka kafa Dokar Soja mai lamba 42, wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da datti mai guba.

Abin da ya faru a Koko yana cikin dalilan da suka sa ƙasashen duniya suka sa hannu a Yarjejeniyar Basel a ƙasar Suwizalan a 1989, wadda ta fara aiki a 1992. Ƙasashen Afirka suka ga ba ta yi tsauri yadda suke so ba, suka ƙulla tasu a Bamako a 1991, suka haramta shigo da datti mai guba nahiyar gaba ɗaya. Amurka, wadda tana cikin manyan masu zubar da kayan lantarki a duniya, ta sa hannu a ta Basel amma majalisarta ba ta mai da ita doka ba.

Durom mai guba kowa ya gan shi ya san abin gudu ne. Kwamfuta kuwa ko ta mutu kamanninta na dukiya ne. Ta wannan ƙofa aka daɗe ana wucewa.

INDA ZINARIYAR KE ZUWA

Ɗan gwangwan yana sayar wa mai sikeli. Mai sikeli yana tarawa ya sayar wa babban dillali. Babban dillali ya ware fanel daraja-daraja, na waya dabam, na kwamfuta dabam, na talabijin da rediyo a ƙarshe domin su ne masu ƙarancin zinariya. In ya cika kwantena sai tashar jirgin ruwa. Kayan da suka shigo ta Apapa da Tin Can, ta nan mafi tsadar abin da ke cikinsu ke komawa.

Masana'antun da ke iya narkar da fanel su fitar da kusan duk abin da ke ciki ba su da yawa a duniya, domin gina guda ɗaya yana cin ɗaruruwan miliyoyin dala. Akwai ta kamfanin Umicore a Hoboken, a gefen birnin Antwerp na Beljiyam, wadda ke fitar da ƙarfe iri 17. Akwai ta Boliden a arewacin Suwidin, wadda ke iya cin tan 120,000 na tarkacen lantarki a shekara. Akwai na Aurubis a Jamus, da na Dowa da Mitsubishi a Japan. A irin waɗannan wurare, daga cikin giram 100 na zinariya da ke cikin kaya ana samun fiye da 95, hayaƙin kuma ana tace shi kafin ya fita. Ba kowane buhu na Ikko ne ke isa can ba, da yawa Asiya suke nufa. Amma abin lura ne cewa Antwerp, tashar da ta sa ake ce wa kayan hannu 'yan Beljiyam, a gefenta ne ɗaya daga cikin manyan matatun zinariyar bola take.

Ƙasashen da suka ci gaba sun daina kallon wannan kaya a matsayin shara. Lambobin yabo kimanin 5,000 da aka raba a wasannin Olamfik na Tokyo a 2021, da ƙarfen tsofaffin na'urori aka ƙera su. Mutanen Japan sun ba da wayoyi fiye da miliyan 6 tare da sauran kaya, aka fitar da zinariya kilo 32 da azurfa kilo 3,500. A 2024 gidan buga kuɗi na Ingila ya buɗe masana'anta a yankin Wales mai iya sarrafa fanel tan 4,000 a shekara, domin kada zinariyar ta riƙa fita ƙasar. Da farashin zinariya ya haura dala 3,000 kowace oza a watan Maris na 2025, wawason ya ƙara zafi. A wannan farashi, zinariyar da ke cikin matacciyar waya guda ta kai kimanin dala 3. Mai karatu da ya taɓa sayar da irinta ya tuna nawa aka ba shi.

Akwai kuma hanya ta biyu, ta bayan gida. A garin Guiyu na kudancin ƙasar Sin an yi shekaru ana gasa fanel a kan garwashi, ana jiƙa shi cikin asid mai ƙarfi, ana tuttular da ruwan a rafi. Binciken da aka yi a Bangalore ta Indiya ya nuna masu wannan hanya kashi ɗaya cikin huɗu kawai na zinariyar suke samu, sauran ya bi ruwa. A Guiyu likitoci sun auna yara suka tarar takwas daga cikin goma dalma ta yi yawa a jininsu. Sai a 2015 hukuma ta tattara masu aikin ta mai da su wata unguwar masana'antu.

ABIN DA KE SAURA A NAN

In zinariya ta tafi, me ya rage? Gilashin tsohuwar talabijin mai ƙusumbi yana ɗauke da dalma fiye da kilo guda. Fitilun da ke bayan waɗansu talabijin da kwamfutoci masu shafaffen gilashi na farko-farko suna da zaiba. Robar da ke jikin wayar wuta, in aka ƙone ta don a fitar da jan ƙarfe, tana fid da baƙin hayaƙi mai guba wanda ke shiga huhu, ya kuma sauka a ƙasa da ruwa da abinci. Waɗannan ba mai sayensu, saboda haka nan ake barinsu, inda mutane ke aiki, suke cin abinci, suke salla, waɗansu ma nan suke kwana.

Mutumin Arewa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan dalma. A 2010 yara aƙalla 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, saboda ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Dalmar da ke cikin talabijin da batir ita ce dai waccan. Ba ta da wari, ba ta sa ciwo nan take. Tana taruwa ne a jiki sannu a hankali, ta taɓa ƙoda da jini, ta dakushe ƙwaƙwalwar yaro, ta cuci ɗan da ke cikin ciki. Magidanci yana iya kai ta gida a jikin rigarsa bai sani ba.

A Ankara akwai wani wuri da ya yi suna a duniya, Agbogbloshie, inda samari daga arewacin Ghana suka yi shekaru suna fasa kaya suna ƙona waya. A 2019 masu bincike suka auna ƙwan kajin da ke kiwo a wurin. Suka tarar wanda ya ci ƙwai guda ya sha gubar dayoksin ninki 220 na abin da hukumar abinci ta Turai ta ce jiki zai iya ɗauka a rana. A watan Yuli na 2021 hukuma ta sa katafila ta rushe wurin. Aikin bai tsaya ba, sai ya watsu cikin unguwanni, kusa da ɗakunan kwana.

Wannan darasi ne ga hukumomin ƙasar nan. Hukumar mahalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa mutum har 100,000 ne ke cin abinci da wannan sana'a a Nijeriya. Gaskiya ne akwai ɓata-gari da ke fakewa da ita suna sace wayar wuta da murfin kwalbati, abin da ya sa hukumar Abuja ta hana yawon bola cikin birnin a watan Janairu na 2025. Amma kora ba ta rage yawan matattun kaya ko da guda, ba ta kuma sama wa kowa wani aikin.

DOKA DA ABIN YI

Doka dai akwai ta. An kafa hukumar NESREA a 2007, ta fitar da ƙa'idojin kayan lantarki a 2011, aka sabunta su a 2022. Ƙa'idojin sun hana shigo da mataccen kaya, sun kuma ɗora wa masu ƙerawa da masu shigowa nauyin kayansu har bayan ya mutu. Don haka aka kafa ƙungiyar EPRON a 2018, domin ta karɓi kuɗi daga kamfanoni a biya masu tattarawa da masu sarrafawa. A Ikko akwai kamfanoni masu rajista da ke fasa kaya ba tare da ƙonawa ba. A Ingila an ɗaure wani dillali wata 16 a 2014 saboda aiko da matattun kaya Afirka ta Yamma. Daga ran 1 ga Janairu 2025 kuma, bisa shawarar da Ghana da Suwizalan suka kawo, Yarjejeniyar Basel ta wajabta cewa kowace irin sharar lantarki sai ƙasar da za a kai wa ta yarda a rubuce kafin a ɗora ta a jirgi. Saura aiki da ita a bakin tasha, inda mota mai cike da kaya ke wucewa.

Kafin gwamnati ta yi nata, akwai abin da masu sana'ar za su iya yi wa kansu. Wayar wuta a feɗe ta da wuƙa ko injin feɗewa maimakon a ƙone ta, jan ƙarfen da bai sha wuta ba ma ya fi daraja a sikeli. Kada a farfasa fanel ko a gasa shi, domin zinariyar tana bin ƙura da gutsattsari, a kuma ware shi daraja-daraja kafin a kai wa dillali. Kada a fasa gilashin talabijin ko batir a inda ake zama. A wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci, a tuɓe kayan aiki kafin a shiga ɗaki, a hana yara ƙanana zuwa wurin. Wanda ya daɗe yana aikin ya nemi a auna masa dalma a jini.

Babban abu shi ne haɗa kai. Mai buhu guda sai abin da dillali ya yanka masa. Ƙungiya mai rajista wadda ke tara tan guda tana iya zama da kamfani ta yi ciniki, tana iya neman kasonta a kuɗin da EPRON ke karɓa, tana iya neman fili da kayan kariya daga Gwamnatin Jiha. Nan ne ya kamata sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Alaba da sauran zango-zango na Kudu, tare da shugabannin 'yan gwangwan, su sa baki. Samarin nan sun baro iyayensu ne domin su aika da na abinci gida, su kuma koma da abin aure ko jarin noma. Haƙƙi ne a kan manya su ga cewa sun sami kuɗin da ya dace da wahalarsu, sun kuma koma gida da lafiyarsu.